Maƙoƙon Yaya Hadijatu

Ranar da sakamakon gwaji ya fito, Umar Farouk da kansa ya raka yayarsa Hadijatu sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani babban asibiti a Abuja. Shi mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, yana tafe cikin farar shadda da wayoyi biyu a hannu. Ita kuwa tana biye da shi, ta naɗe wuyanta da mayafi duk da zafin da ake yi.

Likita Lucia, wadda ta ƙware a tiyatar wuya, ta zagaya bayan kujera ta ɗora yatsunta a kan ƙullutun da ke wuyan Hadijatu.

"Mama, haɗiye yawu," ta ce da Hausarta ta mutanen Jos.

Hadijatu ta haɗiye. Ƙullutun ya motsa da ƙyar, kamar an kafe shi. Likitar ta bi gefen wuyan da yatsa har ƙarƙashin kunne, ta ji wasu ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Ta koma kujerarta, ta dubi kwamfuta, sannan ta juya ga Umar Farouk da Turanci.

"Gwajin allurar da muka yi ya nuna ciwon daji ne. Amma irin wanda ake cin ƙarfinsa ne idan aka yi sauri. Ina so mu cire maƙoƙon gaba ɗaya da ƙananan nan cikin wannan watan. Bari in yi mata bayani."

Umar Farouk ya ɗaga hannu. "Dakata, Likita. Yayata ce, na fi ki saninta. Tana jin kalmar daji, fargaba za ta kashe ta kafin ciwon. Ki bar ni in gaya mata a gida, a hankali."

"Jikinta ne. Haƙƙinta ne ta sani."

"Ni ma na yi karatu, na san haƙƙi. Amma mu akwai yadda muke yin abinmu."

Likitar ta dubi Hadijatu, ta dubi ƙofa inda marasa lafiya suka yi dogon layi. Mutumin ya yi kama da wanda za a amince wa. Ta sunkuyo ta ce da Hausa, "Mama, sai an yi aiki a wuyan nan. Oga zai miki bayani. Kar ki daɗe ba ki dawo ba, kin ji?"

A mota, suna cikin cunkoso a hanyar Kado inda gidansa yake, Hadijatu ta ce, "Faruku, me ta ce maka da Turanci? Na ga fuskarta ta canza."

"Maƙoƙo ne kawai, Yaya. Mata nawa ne a Malumfashi suka tsufa da shi? Za a cire, amma ba na gaggawa ba ne. Ki bari Zuhra ta sauka lafiya tukuna."

"To, Allah ya sauke ta lafiya," in ji Hadijatu. Ta gyara mayafinta.

Da yamma ya gaya wa matarsa gaskiya a ɗaki. Zuhra ta dafe kai, ta yi salati, har da ƙwalla. Sai ta shafa cikinta da ya tsufa.

"Idan aka kwantar da ita yanzu, wa zai riƙe gidan? Yara biyu ga makaranta, ga ni a haka. Ba cewa na yi kada a yi ba fa."

"Ni ma abin da na gani ke nan," ya ce. "Wata ɗaya ko biyu ba zai canza komai ba."

Tun da mijin Hadijatu ya rasu ba ta da ɗa ko jika, Umar Farouk ya ɗauko ta zuwa Abuja. Ita ce ke dafa abinci, ita ce ke shirya yara, ita ce ke zuwa kasuwa. An yi 'yan aiki a gidan sun tafi, Zuhra ta ce ba ta ƙara yarda da bare. Idan baƙi suka zo, Umar Farouk yakan nuna ta da alfahari ya ce, "Wannan ita ce uwar gidan nan."

Zuhra ta haihu, aka sa wa jaririya Ameera. Hadijatu ce ta yi wankan jego, ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kan tukwanen suna. Bayan an watse ta sami ƙaninta a falo.

"Faruku, maganar asibitin nan fa?"

"Yaya, ki bari a yi arba'in mana. Mai jego za mu bari ita kaɗai?"

Aka yi arba'in. Hutun haihuwar Zuhra ya ƙare ta koma ofis, Ameera ta koma bayan Hadijatu.

A wannan tsakanin aka kira Umar Farouk daga asibiti. Likita Lucia ce da kanta, tana tambayar dalilin da ba su dawo ba. Yana tsakiyar mitin, ya fito baranda ya rage murya.

"Ta tafi Malumfashi, Likita. Wata rasuwa aka yi mana. Tana dawowa zan kawo ta."

Da ta sake kira bayan wani lokaci, bai ɗaga ba.

Abu na farko da ya gagari Hadijatu shi ne nama. Sai ta riƙa tsame nata tana ba yara. Daga nan tuwo ya fara tsaya mata a wuya, sai ta kora kowace loma da ruwa. Wata rana ta ƙware da shinkafa a gaban kowa, ta yi ta tari har idanunta suka yi ja. Tun daga ranar ta daina cin abinci a falo. Takan zauna a kan ƙaramar kujera a kicin da kofin kunu.

Muryarta ta dishe. A kasuwar kifi ta Kado, inda a da ake jin cinikinta daga rumfa uku, sai ta koma nuna tarwaɗa da yatsa, tana girgiza kai ko ta gyaɗa. Idan ta kira yaran daga kicin ba sa ji, sai ta buga cokali a jikin tukunya.

Zuhra ta dawo mata da kwalbar zuma da habbatus sauda. "Yaya, ki riƙa sha safe da yamma. Wata a ofishinmu da shi ta rabu da nata."

"Na gode, Allah ya yi albarka."

Zuhra ta ja mijinta gefe ta tambaye shi, "Abban Ameera, abin nan ba a ɗauka ko? Kullum yarinyar nan tana jikinta."

"Ba a ɗauka."

"To, alhamdu lillahi."

Aka bar Ameera a bayanta. Yarinyar ta yi nauyi, majanyin yana matse wa Hadijatu ƙirji. Idan ta hau bene da ita sai ta tsaya a tsakiya, ta riƙe ƙarfe tana neman iska. Kwanciya a rigingine ta gagare ta, ta koma barci a zaune da matasan kai a bayanta. Sujada ma ta zama wahala, domin tana sunkuyawa sai ta ji kamar an shaƙe ta, fuskarta ta cika. Ta fara salla a zaune, tana kuka a ɓoye don ba ta saba ba.

Wata Asabar ta same shi yana duba takardun jarrabawar ƙarin girma. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago.

"Faruku, ka ba ni katin asibitin in je da kaina. Ba sai na ɓata maka lokaci ba."

"Ke kaɗai a Abuja? Yaya, ba ki san yadda asibitocin nan suke ba. Idan ba da wani babba kika je ba, ko kallonki ba za su yi ba. Ki bari in gama jarrabawar nan."

"To ka mai da ni gida. Idan mutuwa ce, in mutu a ɗakina."

Ya ajiye biro, ransa a ɓace. "Haba Yaya! Wace irin magana ce wannan? In mai da ke Malumfashi a haka, mutane su ce na ci moriyarki na watsar? Me kika rasa a gidan nan? Ga ɗakinki da esi, ga abinci. Maƙoƙo ne fa. Ki yi haƙuri, kin san dai ba zan cuce ki ba."

Ta dube shi. Ita ce ta goya shi yana ƙarami, ta san fuskarsa idan yana ɓoye abu. Amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa abin ya kai haka ba. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta koma kicin.

Ya ci jarrabawa. Sai azumi ya zo, shi da Zuhra suka tafi umara a goman ƙarshe, suka bar mata yara uku. Ya ce zai yi mata addu'a a gaban Ka'aba, kuma ya yi. Suka dawo mata da ruwan zamzam da baƙar abaya mai dogon wuya.

A lokacin ƙullutun ya cika gaban wuyanta, ya yi tauri kamar dutse, jijiyoyi sun tashi a kansa. Numfashinta yana fita da ƙara kamar ana busa usur a nesa. Yaran sun daina shiga ɗakinta. Umar Farouk ya koma fita da sassafe, ya dawo ya wuce sama kai tsaye, don kada su haɗu. Idan abin ya dame shi sai ya gaya wa kansa cewa likitoci suna da zuzuta abu, kuma ana gama walima zai kai ta.

Walimar zamansa darakta ce. Aka kafa rumfa a harabar gida, manyan ma'aikata da matansu suka cika kujeru da rana tsaka. Hadijatu ce ta yi farfesun tarwaɗa da waina, tun safe tana tsaye a kan wuta. Zuhra ta leƙo kicin cikin leshi da gwal.

"Yaya, ki yi zamanki a nan, ba sai kin fito gaisuwa ba. Kin san mutane da tambaya."

Hadijatu ta gyaɗa kai. Ta zuba attaruhu a cikin mai, hayaƙin ya turnuƙe kicin ɗin. Ta yi tari sau ɗaya, ta ja numfashi, iska ta ƙi shiga. Ta sake ja. Ta laluba ƙofa, ta fito harabar tana riƙe da wuyanta da hannu biyu, mayafin ya zame. Duk wanda ke wurin ya ga abin da ake ɓoyewa. Ta durƙushe a gaban rumfar, leɓunanta sun yi baƙi.

Wata mata ta yi ihu, "Innalillahi! Darakta, wannan ba yayarka ba ce?"

A gaban idon jama'a, Umar Farouk bai ce a bari a gama walima ba. Aka sa ta a mota.

Likita Lucia ce aka kira ɗakin tiyata. Ba a iya kwantar da Hadijatu ba, kuma ba a iya sa ta barci ba, domin tana yin barci ragowar hanyar iskar za ta toshe. A zaune aka jingina ta, aka yi mata allurar kashe zafi a wuya, idonta biyu. Likitar ta riƙa cewa, "Mama, ina nan, ki daure, saura kaɗan," tana yanka ta cikin ƙullutun tana neman maƙogwaron da ciwon ya ture gefe. Jini ya jiƙa rigarta. Da ta samu ta huda, ta zura bututu, iska ta shiga da wata irin ƙara. Ƙirjin Hadijatu ya ɗaga sosai a karon farko cikin watanni.

Likitar ta sami Umar Farouk a baranda, har yanzu da babbar rigar walima a jikinsa.

"Ka ce mini tana Malumfashi."

"Ai ta dawo, Likita. Abubuwa ne suka yi yawa. Madam ta haihu, ga aiki—"

"Ka gaya mata abin da na gaya maka?"

Ya dubi wayarsa. "Ina jiran lokacin da ya dace ne. Yanzu dai a yi aikin, ko me ake buƙata zan yi."

"Sai na ga hoto," ta ce, ta wuce.

Hoton ya nuna ciwon ya naɗe maƙogwaro da manyan jijiyoyin jini, ya gangara ƙirji, ya fantsama a huhu. Wannan karon Likita Lucia ba ta nemi kowa ba. Ta ja kujera zuwa bakin gadon Hadijatu, ta riƙe hannunta.

"Mama, zan gaya miki gaskiya, kuma tun farko ya kamata in gaya miki. Abin da ke wuyanki daji ne. Tun ranar da kuka zo da oga na sani, na gaya mishi. Ya ce in bari shi zai gaya miki, na yarda. Ban kyauta ba. Ki yafe mini."

Hadijatu ta buɗe baki, sauti bai fito ba, sai hucin iska ta bututun. Likitar ta kama yatsanta ta ɗora a bakin bututun.

"Ja numfashi tukuna. Sai ki toshe nan, ki yi magana. In kin gama ki saki."

Ta gwada, ta kasa. Ta sake gwadawa. Wata siririyar murya ta fito kamar ta wani mutum dabam.

"Da an yi... a lokacin?"

Likitar ba ta kau da kai ba. "Rai na Allah ne, Mama. Amma a lokacin akwai abin da hannuna zai iya cirewa. Yanzu babu. Za mu rage miki zafi, mu taimake ki da numfashi. Iyakar abin da ya rage mana ke nan."

Hadijatu ta saki bututun. Ba ta yi kuka ba. Ta juya fuskarta ga bango, amma ba ta saki hannun likitar ba.

Umar Farouk ya sa aka mai da ita ɗaki na musamman, mai firij da talabijin. Abokan aikinsa suka riƙa zuwa dubiya da kwandunan lemo da ayaba, abubuwan da ba ta iya haɗiyewa. Yana tsaye a ƙafar gadon yana yi musu bayani.

"Kun san mutanenmu da tsoron wuƙa. Babu yadda ban yi da ita ba. Sai ta ce a bari, a bari."

"Allah sarki," in ji ɗaya daga cikinsu. "Rashin sani ne. Ka yi naka, Darakta."

Hadijatu tana jin su. Yatsanta ya ɗaga ya nufi wuyanta, sai ya koma kan bargo.

Gida kuwa ya rikice. Zuhra ta ɗauki hutu a ofis, hutun ya ƙare, Ameera ta ƙi yarda da kowa. Wata rana da la'asar Umar Farouk yana zaune a ɗakin asibitin, ya ga idon yayarsa a rufe, ya kira Malumfashi. Nafeesa ya kira, 'yar kawunsu, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba.

"Ki shirya ki zo Abuja," ya ce mata. "Ki ɗan kula da Yaya, ki kuma taimaka wa Zuhra da yara. Zaman me kike yi a can? Nan ba abin da za ki nema ki rasa."

Hadijatu ta buɗe ido. Ta miƙa hannu tana nuna wayar.

"Ga ta ma ta farka, tana son ku gaisa," ya ce da fara'a, ya kara mata a kunne.

Ta ja numfashi, ta toshe bututun.

"Nafeesa. Ni ce."

"Yaya Hadijatu! Sannu, ya jiki? Ina nan tafe in sha Allahu."

Ta saki, ta sake jan iska, ta toshe.

"Kada ki zo."

Umar Farouk ya fizge wayar. "Magungunan ne suke sa ta sambatu, zan kira ki an jima." Ya kashe. Ya tsaya a kanta. "Yaya, me ya sa za ki yi mini haka?"

Ta dube shi tsawon lokaci. Kaki yana ƙara a cikin bututun. Ta ɗora yatsa.

"Ka sani, Faruku. Ka bar ni."

"Wallahi don kada hankalinki ya tashi ne. Ban zaci zai yi sauri haka ba. Ke ma kin ga halin da gidan yake ciki. Kuma komai ai da lokacinsa, abin da Allah ya rubuta—"

Ta sauke yatsanta daga wuyanta tun bai ƙarasa ba. Daga wannan rana takan yi magana da likita, takan yi wa masu jinya godiya idan sun zuƙe mata kaki, takan motsa baki da salati. Idan ƙaninta ya shigo, hannayenta biyu suna ƙarƙashin bargo har ya fita.

Ta rasu da damina, wata safiya bayan an gama gyara mata gado. Aka yi jana'iza a Abuja, manyan motoci suka cika layin gidan. Masu ta'aziyya suka yi ta yaba wa Umar Farouk, suna cewa a zamanin nan ba kowa ne zai riƙe 'yar'uwa haka ba, har ɗaki na musamman. Yana sunkuyar da kai yana cewa amin. Kuka ma ya yi, kuma kukan na gaske ne.

Ba wanda ya dake ta a gidan nan, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta abinci. Da za a kai ƙara, babu tabon da za a nuna. An dai auna numfashinta da girkin gida da renon yara, aka ga girkin ya fi gaggawa. Waɗanda suka yi awon kuwa sun san sunan ciwon da Turanci, sun san hanyar asibiti, suna da lambar likita a waya.

Nafeesa ta yi ta'aziyya ta waya, ba ta zo ba. Kafin sadakar arba'in aka kawo wata dattijuwa daga dangin Zuhra, aka buɗe mata ɗakin Hadijatu. Tana ajiye jakarta ta dubi gadon, ta tambayi abin da ya kashe mai ɗakin.

"Kwana ne ya ƙare," in ji Zuhra. Ta miƙa mata Ameera, ta ɗauki makullin mota.